Daga Sogakope zuwa Ada: Ƙumbar Kogin Volta da Lokatanta

Jama'a, duk wanda ya bi hanyar Ankara zuwa Aflao ya san gadar Sogakope, inda mata ke tare motoci da tsinken nama soyayye. Naman nan na ƙumba ne, wadda ake kira adode. Mun sauka a nan, sa'an nan muka bi kogi ta kwalekwale har Ada, inda Volta ke shiga teku, don mu ga asalinta.

Cikin yashin ƙarƙashin ruwa take zaune. Maza su yi nutso su kwaso, mata su dafa har bakinta ya buɗe, su cire naman su soya. Ɓawon kuwa tuli-tuli yake a bakin kogi, ana ƙona shi a sami farar ƙasa, ana kuma niƙa shi a zuba cikin abincin kaji.

Abin da ya kamata 'yan kasuwarmu su sani shi ne, naman adode ba ɗaya yake ba duk shekara. Daga ƙarshen rani zuwa farkon damina tana tara ƙwai da maiƙo, namanta ya cika ɓawo, ya yi nauyi, ya riƙe ciki. Da ruwa ya kankama, wajen Yuli zuwa Oktoba, sai ta zubar da ƙwan, ta rame, naman ya zama duk ruwa, in an soya ya ƙanƙance. Wanda ya sayi kwando lokacin nan da kuɗin kwandon bazara, ya sayi ɓawo ne. Haka kuma al'adar 'yar'uwarta ta bakin tekun Ingila, mai siffar askar wanzami.

Mutanen wurin suna da doka tun kakanni, watau daga Disamba zuwa Maris ba mai taɓa ta. Dā ana samunta tun daga Akuse, amma da aka gama madatsar Akosombo a 1965, da ta Kpong a 1982, ambaliya ta ɗauke, ciyawa ta rufe yashi, sai ta koma ɗan yankin da ke kusa da teku.

Masu tambayar hukunci, a Malikiyya abin da ke zaune cikin ruwa halal ne. Amma halaccin ci bai halatta ɓarna ba. Kada mu sayi ƙanana, kada kuma mu nema lokacin da aka hana, don in babu mai saye, babu mai nutso. Allah Ya sa albarka cikin nemanmu, amin.