Mun Raka Kawu Sayen Golf a Kaura

Ranar Asabar da sassafe muka tashi daga Banga, muka raka Kawu Kaura Namoda ya duba wata Golf 3 da aka sa a kasuwa. Kuɗin gyaɗa da wake na damina biyu ne a aljihunsa.

Duk mai bin hanyar Kaura zuwa Shinkafi ko Zurmi ya san motar nan. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fara fitar da ita a 1991, wato ta girme mu nesa ba kusa ba, amma har yau tana kwasar fasinja da buhuna. Sai da Turawa suka gama morar irinta aka kawo mana, shi ya sa ake ce musu Beljiyam.

Wadda muka tarar ja ce, ga tambarin GTI a bayanta. Mu dai fentin ya tafi da mu. Makanikin da Kawu ya ɗauko ko kallon fentin bai yi ba. Ya taɓa injin ya ji ko an riga an ɗuma shi, ya zaro sandar baƙin mai, ya leƙa ƙarƙashi yana neman walda, ya gwada lambar bodi da ta takarda. Ana tayar da ita sai ga hayaƙi shuɗi daga salansa.

"Alhaji, ringi ya cinye, tana shan baƙin mai," in ji shi. "A hanyar nan ta yanzu, mota ta mace maka a daji da yamma ba ƙaramin abu ba ne."

Kawu ya gyara zaman hularsa, ya ce sai wani jiƙon. Muka sayi awara kusa da tashar jirgin ƙasa, muka hau babura muka koma gida kafin la'asar.