YARON DA YA ƁACE A LITTAFI, DA WANDA YA ƁACE A GARINMU

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in gaya wa 'yan'uwana masu karatu abin da na gani.

Ni akawu ne, ina zaune a wani ƙauye na ƙasar Dambatta, inda gona ke haɗe da gona, ba dajin da ko akuya za ta ɓuya. In an gama girbi, samari su kan taru a ƙofar gidana da dare in karanta musu littafi. Wannan karon muka ɗauki Shehu Umar, wanda Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta, aka buga shi a 1934. Labarin yaro ne da aka sace yana ƙarami, wani Balarabe ya ƙetare hamada da shi, uwarsa ta bi sawunsa har ita ma aka sayar da ita.

Samari suka yi ta gardama. Wannan ya ce laifin uwar ne da ta bar shi hannun wata. Wancan ya ce in tsallake wahalarta mu ji inda yaro ya ƙare. Dukansu daɗi su ke ji, kamar ana wasa ƙwaƙwalwa.

Ashe wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana bayan danga tana saurare. Ɗanta mai shekara 15 ya tafi cin rani birnin Kano shekara uku ke nan, ba shi ba labarinsa. Da safe ta aiko kirana, ta ce, "Ɗan nan, uwar ta gan shi?" Na ce, "I, Iya, ta gan shi, amma ba ta daɗe ba ta rasu." Ta yi shiru, sa'an nan ta ce, "Ai ta yi sa'a."

Wallahi kunya ta kama ni. Sa'ad da ɗanta ya ɓace ni na rubuta mata takardar cigiya, ba hoto, ba sunan wanda ya tafi da shi, ba sunan unguwar da ya sauka. Daga nan na manta.

Kada wani ya ce sata irin ta Umar ta wuce da zamanin bauta. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka dawo da yara 9 'yan Kano daga Onitsha, an sayar da su, har an sake musu suna.

To, malamai da akawuna, mu da Allah ya ba alƙalami, in yaro zai bar gari mu rubuta sunansa, da ranar tafiyarsa, da wanda ya ɗauke shi, da masaukinsa, mu ajiye wurin mai unguwa. Rigakafi ya fi magani. Mai littafi ya san inda ya ɓoye yaronsa, uwa kuwa ba ta sani ba.

Allah ya bayyana mata shi, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, ƙasar Dambatta.