Yini Guda A Layin Masu Littattafai Na Kano

'Yar wana tana aji biyu na babbar sakandare a nan Zariya, kuma ta shafe wata uku tana rubuta labarin soyayya a littafin rubutu mai falle tamanin. Da ta gama sai ta bai wa ƙawayenta huɗu su karanta. Ta farko ta dawo da shi bayan kwana biyu, ta ce ya yi daɗi. Da aka tambaye ta yadda ya ƙare sai ta hau kame-kame. Sauran ukun ma babu wadda ta wuce shafi na ashirin. Ranar wata Juma'a da yamma yarinyar ta same ni idonta jawur, ta ce, "Gwaggo, na daina rubutu. Ba ni da baiwa."

Na karɓi littafin na karanta a daren. Hausarta tsaf, rubutunta kamar na inji. Amma labarin na wani ɗan attajiri ne da ya ga wata kyakkyawa a bakin titi, ya tsayar da mota, ya ce yana son ta, ta ce tana son sa. Daga nan sai lissafin motoci da gidaje da akwatunan lefe har shafi na sittin, inda wata ƙawa ta tashi da mugunta ba tare da an san abin da aka yi mata ba. Ban ce mata komai ba. Na ce ta nemi izinin babanta, gobe Asabar za ta raka ni Kano.

Da sassafe muka shiga mota a Kwangila. Duk wanda ya saba bin hanyar nan ya san jerin garuruwanta: Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, sai gonakin shinkafa na Kura da suke shimfiɗe hagu da dama, sai Tamburawa, sai ga Na'ibawa da tulin lemo da ayabarta. A Unguwa Uku muka sauka, muka tari adaidaita sahu zuwa Bata. Daga shataletalen Bata taku kaɗan ne zuwa Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammad Abubakar Rimi. A kewayen nan ne masu sayar da littattafan Hausa suka daɗe da kafa rumfunansu, kuma daga nan ne dillalai ke sarar littattafai su kai Katsina da Sakkwato da Gusau, har Maraɗi da Damagaram.

Layin ba shi da faɗi. Mai baro na neman hanya, mai shayi na kwashe kofuna, ƙanshin sabuwar takarda ya gauraya da ƙurar tsohuwa. An jera littattafai a kan tebur da katako, wasu an rataye su a igiya da maƙalin shanya. Na lura rumfuna da dama yanzu littattafan makaranta da na addini ne suka cinye gabansu, na hikaya sun koma ciki. Muka tsaya a rumfar wani dattijo mai furfura a gemu, muka gaisa, ya jawo mana benci. Na gaya masa abin da ke tafe da mu: ɗiyata ce ke son sanin abin da ke sa a karanta littafin soyayya har ƙarshe, da abin da ke sa a ajiye shi a tsakiya.

Kafin in faɗa muku amsarsa, ya kamata ku san asalin kayan da ke rumfar. Labarin soyayya a rubuce ba baƙo ba ne a Hausa. Tun shekarun 1930 aka buga Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, labarin saurayin da mai kuɗi ya raba da budurwarsa. A 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, bayan wata gasar rubutu da ya shirya. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma sai matasa, maza da mata, suka daina jiran manyan kamfanoni. Marubuci zai tara kuɗinsa, ya kai wa mai maɗaba'a, ya ɗauko littafinsa ya kawo kasuwa da kansa. Wasu suka haɗu a ƙungiyoyi irin su Raina Kama. Saboda a kasuwa ake cinikinsu, wasu masana suka laƙaba musu suna Adabin Kasuwar Kano, sunan da marubutan da dama ba su ji daɗinsa ba.

Dattijon bai fara da bayani ba. Ya tashi ya nuna mana ɗauri biyu a ƙasan kanta, dukansu na littafi guda. Ɗaurin littafi na ɗaya saura 'yan ƙwayoyi. Ɗaurin na biyu kuwa ko igiyarsa ba a kwance ba, ƙura ta rufe shi. Ya dubi yarinyar ya ce, "'Yata, na ɗaya bango ne ke sayar da shi. Na biyu kuwa labari ne ke sayar da shi."

Ga abin da yake nufi. Yawancin littattafan nan kashi-kashi ake buga su, na ɗaya, na biyu, wani lokaci har na uku ko na huɗu, don mai ƙaramin ƙarfi ya iya saya, marubuci kuma ya samu kuɗin buga na gaba. Mai karatu zai iya sayen na ɗaya saboda hoton bango ko sunan da ya burge shi. Amma babu mai ciro kuɗin kashinsa karo na biyu sai in akwai wani mutum a cikin labarin da ya damu da halin da zai shiga. Don haka mai rumfa ba ya buƙatar sharhin kowa. Ɗaurin na biyu ya ishe shi alƙali. Haka masu ba da hayar littattafai a unguwanni: wanda bangonsa ya yage, aka liƙe da salatif sau uku, shi ne ya shiga zukata. Wanda ya shekara fes kamar jiya aka buga shi, ba kyau ne ya yi masa yawa ba.

Sai yarinyar ta yi ƙarfin hali ta ce, "To Baba, waɗanne ne ake dawowa nema?" Ya ciro guda uku ya ɗora mata a cinya. Dukansu na karanta su tun ina kamarta, don haka bari in gaya muku abin da ya haɗa su.

Na farko shi ne In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990. Sumayya 'yar masu hali ce, tana son Muhammad wanda ba shi da komai, danginta kuma suna son ta auri attajiri Abdulƙadir. Abin da ya tare masoyan nan ba aljani ba ne, ba kuma hatsarin mota ba. Kuɗi ne da matsin dangi, abin da duk wanda ya tashi a cikin Hausawa ya taɓa gani a gidansu ko a maƙwabta. Na biyu shi ne Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. An cire Abu daga makaranta, an aurar da ita ga dattijo Sarkin Noma, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Babu wani ɗan sarki da ya zo ya ɗauke ta. Ita ce ta yanke shawara, ita ce ta sha wuyar shawarar. Na uku shi ma na Balaraba ne, Alhaki Kuykuyo Ne, inda Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta saboda sabuwar amarya, Rabi ta kama sana'ar abinci ta riƙe yaranta. A 2012 an buga fassararsa ta Turanci a ƙasar Indiya. Ku duba fa, labarin tsakar gida guda a Kano ne ya yi wannan doguwar tafiya, ba labarin da ya yi ƙoƙarin kama da na wata ƙasa ba.

Abu uku ke nan. Cikas ɗin na gaske ne, wanda mai karatu ya sani. Jarumar tana yin wani abu da kanta, ba zama take tana kuka har a cece ta ba. Sannan duk abin da aka zaɓa akwai farashinsa: in ta bi zuciyarta za ta ɓata da iyaye, in ta bi iyaye za ta rasa wanda take so. Wannan tsaka mai wuyar ce ke hana mai karatu barci.

Muna zaune wasu 'yan mata biyu suka zo da littafi a hannu, suna neman canji. Na tambaye su laifinsa. Ɗaya ta ce tun shafi na goma ta san ƙarshen, domin yarinyar talaka ce, kuma tabbas za a gano cewa 'yar wani hamshaƙi ce da aka sace tana jaririya. Ɗayar ta ce ita abin da ya ishe ta shi ne kwatance: shafi uku a kan falo da labule, shafi biyu a kan kwalliya, amma har ta ajiye littafin ba ta san abin da saurayin ke so game da yarinyar ba in ban da kyau. Na saci kallon 'yar wana, na ga ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta.

Dattijon ya ƙara da nasa. Akwai marubucin da labarinsa ya ƙare a na biyu, amma ya ja shi zuwa na huɗu da ciwon mantuwa da tagwayen da ba a san da su ba. Akwai wanda mugun cikin labarinsa ba shi da dalili, kishiya ko uwar miji ta zama dodo daga farko har ƙarshe, alhali a rayuwa mai cutar da kai ma yana da abin da yake tsoro. Akwai kuma wanda ke tsayar da labari ya hau wa'azi, maimakon ya bar abin da ya samu mutanen ya zama darasin. Mai karatu yana yafe kuskuren ɗab'i, in ji shi, amma ba ya yafe a raina masa hankali.

Littattafan nan sun sha suka, kuma ba duka sukar ce ta rasa tushe ba. An zarge su da koya wa yara bijire wa iyaye da kwaikwayon finafinan Indiya, har a 2007 aka ƙona wasu a Kano a bainar jama'a. Yau kuma yawancin karatun ya koma waya, a WhatsApp da Wattpad, ko a saurara a rediyo da YouTube, shi ya sa layin ya rage cika. Amma alƙalin bai canja ba. Wadda ta biya kuɗin shiga zauren karatu a waya, in labarin bai riƙe ta ba, ba za ta sake biya ba. Ƙofofi kuma sun ƙaru, domin a 2016 Sashen Hausa na BBC ya fara shirya gasar Hikayata ta gajerun labarai ga mata.

Mun sayi littattafan uku, muka yi sallar azahar, muka ci shinkafa da wake a bakin kasuwa, muka kama hanya. Har muka wuce Kura ba ta ce uffan ba. Sai can wajen Kwanar Ɗangora ta ce, "Gwaggo, kin tuna ƙawata da aka cire daga makaranta bara, wadda ke kawo mini littattafanta in duba mata?" Na ce na tuna. Ta ce, "Akwai wanda take so, kuma babanta ba mugu ba ne, bashi ne ya yi masa yawa." Na ce to me za ta yi? Ta ce ba ta sani ba tukuna. Na ce ta sauya suna da unguwa da duk abin da zai sa a gane ƙawar, sannan ta rubuta har sai ta sani.

Ta ciro littafin nan mai falle tamanin, ta juya shi ta baya inda ya rage farar takarda, ta ari birona. Mota na girgiza, rubutun na karkacewa, amma kafin mu iso Kwangila ta cika shafi biyu, kuma babu mota ko ɗaya a ciki. Makon jiya ta ba ƙawayen nan huɗu kashi na farko. Ta ce biyu daga cikinsu sun tare ta a bakin aji suna tambayar yaushe na biyu zai fito.