Damisa Ƙi Sabo

A wata unguwa ta Ngawundere akwai wani malamin makaranta, jikan maharbi, wanda ya gaji buzun damisa daga kakansa. Shekara da shekaru buzun yana shimfiɗe a ɗakinsa, bai taɓa ɗaukarsa abin tuhuma ba, sai ranar da ya raka ɗalibansa Garwa.

Hanyarsu ta bi ta gefen Gandun Dajin Binuwai, inda har yau akwai zakuna. Yaran suka manne da tagogin mota, amma ko sawu ba su gani ba. Sai a gidan namun daji na Garwa suka yi ido biyu da manyan dawa, yana kwance bayan ƙarafa. Wata yarinya ta dube shi ta ce, "Malam, laifin me ya yi aka ɗaure shi?"

Malamin ya rasa ta cewa. Ma'aikacin da ke zagayawa da su ne ya yi bayani. Ya ce dokar gandun daji ta Kamaru ta 20 ga Janairu 1994 ta kasa namun daji aji uku, kuma zaki da damisa suna ajin farko, mai cikakkiyar kariya. Ba mai tsare su sai da izinin hukuma, kuma wuri irin wannan hujjarsa ita ce kiyayewa da koyarwa. Ya ƙara da cewa duk wanda aka samu da irin wannan dabba, ko wani sashe na jikinta, doka tana ɗaukarsa shi ya kama ta ko ya kashe ta.

Nan gaban malamin ya faɗi, don ya tuna abin da ke ɗakinsa. Kakansa ya harbi damisar a zamanin da ake yi wa maharbi kirari, ga shi jikan ya wayi gari a zamanin da fatar kaɗai ta isa shaida a kansa. Sabuwar dokar da ta maye gurbin waccan a 2024 ma ba ta janye kariyar ba.

Da suka koma gida, ya naɗe buzun ya nufi ofishin kula da namun daji don neman shawara. Washegari ya rubuta kirarin nan a allo: damisa ƙi sabo. Ya ce kowa ya rubuta ma'anarsa, sannan ya amsa tambayar da yarinyar nan ta yi a Garwa.