Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Yau ku yi mini uzuri mu ɗan jingine littafin da muke bi, domin akwai wani bawan Allah da labarinsa ya tsaya mini a rai. Sunansa Rahimjan Koshkarbayev, mutumin Kazakistan.

An haife shi a 1924 a yankin Akmola, wato inda birnin Astana yake a yau. Yana ƙarami mahaifiyarsa ta rasu, a 1937 kuma gwamnatin Stalin ta kama mahaifinsa, don haka a gidan marayu ya ƙarasa girma. Gwamnatin da ta raba shi da ubansa ita ce dai ya ɗaukar wa bindiga a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ranar 30 ga Afrilu, 1945, sojojin Tarayyar Sobiyet suka iso gaban ginin majalisar Jamus a Balin. Tsakaninsu da ginin akwai wani fili fetal, babu wurin fakewa, ga Jamusawa na ta ɓarin wuta. Rahimjan, laftana ɗan shekara 20, shi da wani yaron soja Barashe mai suna Grigori Bulatov, suka ɗauki jan ƙyalle suka shiga filin nan da jan ciki. Su ɗan matsa, su lafe kamar gawa, su sake matsawa. Sa'o'i suka kwashe a haka kafin su kai ga ginin su kafa tutarsu.

To, amma sunayen da aka koya wa yara a makaranta su ne Yegorov da Kantariya, waɗanda suka kafa tasu tutar a saman ginin daga baya. Su aka ba lambar Gwarzon Tarayyar Sobiyet. Shi kuwa Rahimjan, duk da shugabanninsa sun miƙa sunansa, wata lamba ta ƙasa da wannan aka ba shi. Ya koma Alma-Ata ya yi aikin kula da otal, ya rasu a 1988. Bulatov bai ma kai haka ba, a 1973 ya kashe kansa.

Sai a 1999, bayan Kazakistan ta sami 'yanci, aka ba Rahimjan lambar Gwarzon Jama'a, wadda babu ta sama da ita a ƙasar. Shekara 11 ke nan yana kabari.

Ni dai ban raina wannan karramawa ba, ko ba komai jikokinsa sun ɗaga kai. Sai dai abin da ke damuna shi ne shekara 43 da mutumin ya yi yana raye bayan yaƙin, yana jin ana kiran sunan wasu. Wa aka faranta wa da lambar da aka kai wa mamaci? Mu ne masu rai, don mu samu mu wanke kanmu.

Idan akwai wanda ya cancanci yabo a kusa da kai, ɗan'uwa, ka faɗa masa tun kunnensa na ji. Allah Ya sa mu dace.