Kwale-kwalen Vespar Baba

Rubutuna na wannan makon a kan wani abu ne da har yau ban samo masa sunan Hausa ba: kujerar nan mai taya ɗaya da ake ɗaurawa a gefen babur. Wanda ya kalli Sholay, fim ɗin Indiya na 1975, ya san ta, a irin babur ɗin ne Amitabh da Dharmendra suka sha yawo. Mai waldar da ya ƙera mini tawa kwale-kwale yake ce mata, ni ma na bi shi.

Baba ya sayi Vespa a 1979 da bashin abin hawa, lokacin yana koyarwa a firamare. Da ita ya kai mu makaranta, biyu a tsaye a gaba, ɗaya a baya. Shekaru uku da suka wuce hawan jini ya shanye masa ɓarin hagu, aka jingine ta a zaurenmu na Ƙofar Durbi har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinta. Ciwon bai dame shi kamar zaman gida ba. Na sha tsayar masa da Keke Napep ranar Juma'a, sai ya ce: "Ba za a ciccibe ni kamar buhun gero a gaban ɗalibaina ba." Ya daina zuwa majalisa, daga baya magana ma ta ragu.

Na fara neman ta kanti. Na zaga Katsina, na je Ƙofar Ruwa a Kano, wani mai kayan gyara ya tambaye ni ko fim zan shirya. Ta Indiya kuwa, kuɗin kawo ta ya fi ƙarfina. Sai na sauke hotuna a intanet na kai wa wani mai walda da ya saba ƙera wa guragu keke.

Nan muka tafka kuskuren farko, kuma nawa ne. Hotunan na Indiya ne, su ta hagu suke tuƙi, don haka kujerar a hagu take. Mu kuwa tun 1972 Najeriya ta koma hannun dama. Sai da aka gama firam muka lura cewa Baba zai zauna ne a tsakiyar titi, motoci na gogar kafaɗarsa. Aka yanke, aka mayar dama. Can kuma ga injin Vespa da kik ɗinta, dole aka bar tazarar da ƙafa za ta shiga. Taya kaɗai ta zo da sauƙi, safayar babur ɗin muka sa.

Ranar gwaji na gane cewa abin da nake kai ba babur ba ne kuma. Babur kwanciya yake a kwana, wannan sai ka murɗa kai da ƙarfin damtse. Ka ba da wuta ya ja dama, ka taka birki ya ja hagu. Wani tsohon bakanike ne ya cece mu. Ya shimfiɗa katako biyu a ƙasa yana awo, ya sa aka ɗan karkato tayar gefe ciki, aka matsar da ita gaba da tayar baya kaɗan, babur ɗin kuma ya ɗan jingina waje. Duk da haka a kwanar dama ta farko kwale-kwalen ya tashi sama, na tsinci kaina a bakin kwata. Sati biyu na yi ina yawo da buhun yashi a ciki bayan asuba, yara na bina suna tambayar lafiyar fasinja.

Ban gaya wa Baba komai ba, tsoron kada ya ƙi. Ranar wata Juma'a na tayar da ita a ƙofar gida, bayan na haɗa mata fetur da baƙin mai yadda ya koya mini. Ƙarar ce ta fito da shi, yana dogara sanda. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya huda mini ƙasan mashin?"

"Ni ne, Baba."

Bai ce komai ba. Kujerar ƙasa-ƙasa take, mai waldar ya bar gefenta a buɗe, don haka da kansa ya juya ya zauna, ƙafar hagun kaɗai na ɗaga masa. Ya gyara hula, muka nufi masallacin Ƙofar Soro a hankali, mutane na ɗaga hannu suna "Malam! Malam!" Ni duk hankalina na kan tayar gefe. Ba mu yi nisa ba na ji ya miƙo sanda ya zungure ni a ƙafa.

"Kai, sa ta uku mana. Za ka kashe mini inji."