Zuwa ga Ummi, a Kan Kwalaben Nan Naki

Zariya,
Daren Laraba.

Ummi,

Yaya nauyin jiki? Mu nan lafiya lau, sai ƙafar babanku da ta ɗan motsa da shigowar sanyi, amma da sauƙi.

Gwaggonki ta nuna min hoton da kika turo mata, na 'yan kwalaben nan guda shida a cikin kwali, ta kuma isar da tambayar da kika ce ta yi min. Kin bi ta hannunta don kina jin nauyina. Ni ma da baki ba zan iya ba. Ke ce ta fari, ko sunanki ban taɓa kamawa a gaban mutane ba, balle in zauna ina yi miki zancen naƙuda. Amma shekara talatin da biyu na yi ina karɓar haihuwar 'ya'yan mutane, in na yi shiru a kan tawa saboda kunya, ai Allah ma sai ya tambaye ni. Takarda ba ta da ido, shi ya sa na ɗauki biro.

Abin da kika saya ba baƙo ba ne kamar yadda masu tallarsa suke nunawa. Mai shuɗin murfin nan lafinta ce, sunan da kakarki ta sani tun tana amarya. Mai ƙamshin masallaci lubban ne, ɗan'uwan ƙaron hano da ake zubawa a garwashi. Akwai na na'a-na'a. Bambancin kawai, waɗannan an turara fure ko ganye ko ƙaro da tururi ne, aka tace man da ya taso. Tulin fure ake tarawa kafin a cika kwalbar da ba ta kai ɗan yatsa ba. Don haka kar wata ta ce miki "ai tsiro ne, ba ya cutarwa". Zaƙami ma tsiro ne. Ɗigo ɗaya na man nan tsurarsa yana iya saɓule fata, shansa kuwa guba ne, musamman ga yara. Kuma ki duba jikin kwalbar da kyau, da yawa daga cikin na kasuwa turaren haɗi ne aka ɗura. In kin ga man furen wardi da na lemo kuɗinsu ɗaya, to akwai lauje cikin naɗi.

Kin tambaya ko yana aiki. A wani asibiti a garin Okusfod na Ingila, ungozomomi sun yi amfani da irin waɗannan mayuka ga mata 8,058 masu naƙuda daga 1990 zuwa 1998. Fiye da rabinsu sun ce ya taimaka musu, wajen ɗaya cikin ɗari kuma suka samu ciwon kai ko tashin zuciya ko ƙaiƙayi. Sai dai wannan faɗar matan ce. Da masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi bisa ƙa'ida a 2011, ba su ga hujjar cewa yana rage zafin naƙuda ba. Ni abin da idona ya gani ya yi daidai da duka biyun. Ƙamshi ba ya ɗauke ciwo, tsoro yake ragewa. Mace mai haihuwar fari in ta firgita sai ta ɗaure jikinta, ta riƙe numfashi, ta ƙarar da ƙarfinta wajen kuka tun tafiyar ba ta yi nisa ba. In kin ba ta abin da za ta shaƙa a hankali, ta ja numfashi mai tsawo ta sauke, kin ba ta abin riƙo. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma iyakarsa ke nan.

In za ki yi amfani da shi, fara faɗa wa nas ranar awo, ki nuna mata kwalbar. Ranar da abin ya zo, ɗigo ɗaya ko biyu na lafinta a hankici ya ishe ki. Ki bar na'urar nan mai fesa hayaƙi a gida. Hancin mai naƙuda ba shi da alƙawari, ƙamshin da kike so da hantsi yana iya sa ki amai da azahar. Hankici a jefar da shi an huta, ɗaki kuwa in ya ɗauka ya ɗauka, ga wata a gadon kusa da ke wataƙila mai asma ce. In zuciya ta tashi, na'a-na'a a auduga tana ɗan lafar da ita. In tausar baya kike so, a ɗiga ɗigo ɗaya tak a cikin ƙaramin cokali na man kwakwa ko man zaitun, Gwaggo ta murza miki a ƙugu da tudun hannu lokacin da mara ta murɗa. Ki gwada haɗin a damtsenki tun yanzu ki ga ko fatarki za ta karɓa.

Kwalba ɗaya ce ban yarda da ita ba, wadda aka rubuta wa kilari sej. Ana cewa tana ƙara wa naƙuda ƙarfi, shi ya sa ko a Ingila ba a taɓa ta sai ciki ya cika, kuma a hannun ungozoma. Ki ba Gwaggo ta ajiye. Haka duk wani jiƙo da za a miƙo miki "don a sauka da wuri". Na ga mahaifar da irin wannan gaggawar ta yaga, ba sau ɗaya ba.

To, sai jego, inda maganar tawa take.

Da na haife ki, kakarki, marigayiya Hajiya, ce ta yi min wanka kwana arba'in. Da asuba ina jin ƙarar itace a murhu, sai ƙamshin darbejiya ya riga ta shigowa ɗaki. In na fito, ta tarar da kasko ta zuba turaren da wata ƙawarta ke kawo mata daga Maiduguri, mai hawi da sandal, ta kifa kabbasa ta baza zannuwana a kai. In na ɗaura zanen nan da ɗuminsa, sai in ji kamar an mayar min da jikina. Har yau in na ji wannan ƙamshin a gidan biki sai idona ya ciko. Saboda haka ba ni ce zan hana ki ƙamshi a jego ba. Mu mun riga Turawa sanin cewa maijego tana buƙatarsa.

Amma akwai wata yarinya da ba na mantawa. Kwananta tara da haihuwa aka kawo mana ita ranga-ranga. Tun daga ƙofa humra ke tashi, an yi mata turaren tsuguno safe da yamma, an gyara ta kamar amarya. Jikinta rau da zazzaɓi. Sai da na ɗaga zane na ji abin da turaren ya rufe: jinin biƙi ya yi ɗoyi, mahaifa ta kamu da ciwo tun kwanaki. Mahaifiyarta tana kuka tana cewa ta ɗan ji wari-wari shekaranjiya, sai ta ƙara turare. Allah ya yi da sauran kwana, amma ta yi mako uku a kwance. Tun daga ranar nake faɗa wa masu jego: kowace safiya, kafin wanka, kafin kasko, ki duba ƙunzugunki ki shinshina. Ƙarni irin na al'ada ba komai. Wari kuwa, ko zazzaɓi, ko jini ya dawo yana jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, wannan asibiti ne a take, ko da tsakar dare ne. In an yi miki ƙari, kada ɗigon man nan ya kusanci ɗinkin. Mai ba ya narkewa a ruwa, yawo yake a sama, in kin shiga ruwan shi zai fara tarar ki. Ruwa mai ɗumi mai tsafta ya wadatar.

Jariri kuwa babu ruwansa da kwalaben nan gaba ɗaya. Da hanci yake gane uwarsa, da ƙamshin ƙirjinki yake laluben nono, kar ki ɓatar da shi da humra a wurin. Man na'a-na'a, man bishiyar turare da man zafi kada su je kusa da fuskarsa, suna iya sarƙe masa numfashi. Kayansa a wanke a shanya a rana, ban da kafur a akwatin; akwai jariran da jininsu ba ya jure shi, shawara mai tsanani take kama su. Cibiya ba a sa mata komai sai maganin kuloheksidin da za a ba ki a asibiti. Turaren wuta a yi shi a tsakar gida ko a wani ɗaki, a bar hayaƙin ya lafa kafin a shigo da shi. Kasko da garwashi ba sa kwana a ɗaki rufe.

Wata magana kuma, ki riƙe ta da ladabi don na san dangin mijinki za su so yi miki gata. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na nan Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa, da tafasasshen ruwan wanka, da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna wasu dalilan daban, amma kanwa dai gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. A sirka ruwan wankan, kunun kuma a yi na gyaɗa ko na tsamiya. In kin ga ƙafa na kumbura, ko numfashi na gagara in kin kwanta, kar ki yarda a ce sanyi ne ya shige ki. In faɗar ta yi miki nauyi, ki ce ni na hana, a zo a same ni.

Gwaggo za ta taso ranar Asabar in Allah ya kai mu. Na ba ta turaren nan irin na Hajiya, da man kaɗanya, da zannuwa uku masu taushi. Ki sa lafinta da hankici biyu a jakar asibiti tare da katin awo, sauran kwalaben a ɗaga su sama inda yaran maƙwabta ba za su kai ba. Wayata a kusa da matashi take kwana. Ranar da kika ji mara ta fara, ki kira ni da kanki, kar ki bi ta kowa.

Allah ya raba lafiya. Ki gaishe da maigidan naki.

Ni ce,
Mamanku.